Filin Ƙannena: Da Biro Ko Da Kwamfuta?

Ya karatu, ya kuma taya su Umma aiki? Yau dai ba zancen soyayya na zo muku da shi ba, kada ku ɓata rai. Wata 'yar rigima ce ta tashi a gidan yayata, na ga ya dace in kawo ta nan, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

'Yar yayar tawa tana aji biyar na sakandare. Tun da babanta ya sayo kwamfuta a gidan, duk asamen ɗin da aka ba su sai ta buga tambayar a intanet, ko ta miƙa wa ChatGPT, wannan manhaja da ta fito a 2022 mai ba da amsa kamar mutum. Kafin shinkafa ta nuna ta gama, ta kai an buga mata a takarda tsaf. Malamai suna ta yabo, goma bisa goma. Ana nan sai ga jarrabawar ƙarshen zango. Yarinya ta dawo gida ido jajir, ta faɗa jikina tana kuka, ta ce, "Anti, wallahi tambayar da na yi a asamen ita aka maimaito, amma ina ɗaukar biro sai na ji kaina fayau kamar an wanke allo."

Uwarta ta rantse ba ita ba kwamfuta har ta gama makaranta. Babanta ya ce ina, zamani riga ne, ba za a mayar masa da 'ya baya ba. Aka ce ni ce mai rubutu a mujalla, in raba gardama.

To ƙannena, abin da na fara gaya musu shi ne, kayan aro ba ya rufe katara. Malami ba don yana ƙishirwar amsa yake ba ki aiki ba, ai ya san ta tun kafin a haife ki. So yake amsar ta bi ta cikin kanki. Shi kuwa rubutun hannu yana da nawa, kuma nawar nan ita ce sirrinsa. Tunda ba za ki iya kwafe komai ba, dole ki tsaya ki tace, ki zaɓi abin da ya fi muhimmanci, ki faɗe shi da kalmominki. A nan karatu yake zama.

Ku tuna makarantar allo. Da alƙalami da tawada za ki rubuta, ki biya, ki maimaita, sai kin riƙe sannan Malam ya ce ki wanke. Shekara nawa yau, amma wace ce a cikinku ta manta abin da ta rubuta a allonta? Su ma Turawan da suka ƙera na'urar sun dawo kan wannan magana. A 2024 wasu masana a jami'ar birnin Trondheim ta ƙasar Norway suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai 40. Sun sa musu wata hula mai auna aikin ƙwaƙwalwa, suka ga sassanta sun fi haɗuwa su yi aiki tare lokacin rubutu da hannu fiye da lokacin danna madannai. Ita kuwa gwamnatin Suwidin, bayan ta cika azuzuwa da na'urori, a 2023 ta juya akala, ta zuba kuɗi a sayo littattafan takarda, a kuma ƙarfafa wa yara rubutun hannu. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

Yayata ta fara murmushi, ta ɗauka na ba ta gaskiya. Na ce Yaya dakata, ban gama ba.

Akwai wata 'yar maƙwabtanmu, kai ba ku ga ƙwaƙwalwa ba, rubutunta kamar an zana. Amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB. Kun dai san tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda da fensir kwata-kwata. Tambaya 180 ce cikin awa 2, Ingilishi 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Baiwar Allah nan hannunta ya ɗauki rawa, ta ɓata lokaci tana neman yadda za ta wuce tambaya ta gaba, agogo kuwa ba ya jiran kowa. Ta fito da tarin tambayoyin da ta san amsarsu amma ko ganinsu ba ta yi ba. Shekara guda ta yi a gida, har 'yan uwa suka fara cewa tunda boko ya ƙi, a yi mata aure kawai. Allah ya taimake ta babanta ya tsaya mata.

Ita ma WAEC a 2024 ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta daga waje. Sai dai ku lura da yadda aka tsara ta a lokacin: tambayoyin zaɓi a kwamfuta, amma dogayen amsoshi da biro a takarda. Kun ga ke nan wadda ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya, da ƙafa guda take tafiya.

Ga hukuncin da na yanke musu, ku ma ga shi nan kyauta. Duk aikin da aka ba ki, fara da littafinki da biro, kwamfuta a rufe, waya a ɗakin Umma. Lissafi, fizis, insha'i, duk ki fafata da kanki, ko da za ki soke sau biyar. In kin kakare, buɗe na'ura ki nemi bayani, ki karanta, ki rufe, sannan ki rubuta abin da kika fahimta. In ba ki iya rubutawa bayan kin rufe ba, to ba ki gane ba, koma. In malami ya ce bugagge yake so, ki buga abin da hannunki ya riga ya rubuta, ga ki kin koyi bugu a kyauta.

Ranar Asabar kuma ki ware awa guda ki yi atisayen tambayoyin JAMB na baya a kwamfuta, kina duban agogo. Ki saba da madannan A, B, C, D na zaɓen amsa, da N na wucewa gaba, da P na komawa baya. Wadda babu kwamfuta a gidansu kada ta karaya. Ki nemi izinin iyaye, ku haɗu ku biyu ko uku ku je cibiyar koyo da rana, ko ku roƙi malami ya buɗe muku ɗakin kwamfutar makaranta. Ban ce ki tafi ke kaɗai da magariba ba. Kuma abin da ya kai ki shi za ki yi, ban da hira da samari.

Na san aikin gida biyu ne a kanku, ga na Malam ga na Umma, ga wanke-wanke ga raino, shi ya sa gajeriyar hanya take da daɗi. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni nan da kuke gani, wasiƙar da Yayanku ya rubuto min da hannunsa kafin aurenmu tana nan cikin akwatina, har inda ya soke kalma na haddace. Saƙonnin waya kuwa ban san inda suka shige ba.

Ita 'yar tawa yanzu ɗan yatsanta har ya yi kanta, tana mita, ina dariya. Ku rubuto min yadda kuke yi a makarantunku, in da hali da hannunku, in ga mai rubutun tafiyar kaza. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya haɗa ku da mazaje nagari in lokaci ya yi. Sai fitowa ta gaba in muna raye.

Taku har kullum, Antinku.