Zuwa Ga Masu Kemis

'Yan'uwa masu kemis na birni da na ƙauye.

Talaka ku yake fara gani kafin ya ga likita, shi ya sa nake so mu yi magana kan wani mutum da kowa a cikinku ya sani. Tun ba a gama share ƙofar shago ba yana tsaye, yana hamma, hanci na yoyo, yana neman tiramol.

Ana ɗauka caji yake nema. Da yawa kuwa ciwon baya ne ya fara kawo su: lebura, mai turin kura, direban adaidaita sahu da ke son ya kai dare bai gaji ba. Tiramol da kodin dangi ɗaya ne, kuma jiki yana sabawa da su. Ƙwaya ɗaya ta daina aiki, sai biyu, sai kati guda. Ranar da aka rasa sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace wa ido. Wanda ya kai nan azaba yake gudu, daɗin ya daɗe da barinsa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin huɗu na masu ta'ammali da ƙwaya mace ce. Don haka yarinyar da ake aikowa daga cikin gida kullum da kuɗin sirof mai kodin, ku tambaye ta waye ke tarin.

Lasisinku bai ba ku damar sayar da tiramol ba. Mai lamba 225 ma NAFDAC ba ta san da zamanta ba, 50 da 100 kawai ta amince da su, kuma yawanta na jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Amma hanawa da tsawa da kiransa ɗan ƙwaya dila kawai take ƙara wa ciniki. Ku ja shi gefe ku ce, "Malam, wannan abu yana da magani." Mai shan ƙwayar D5 kuwa kada ku ce ya yanke dare ɗaya, yin hakan na iya kayar da shi, a hankali likita ke ragewa.

Idan iyaye suka zo shawara, kada ku nuna musu gidan mari. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Ku faɗa musu in ɗansu ya sake komawa shan ƙwaya bayan an sallame shi, su sake mai da shi, don ciwon ya gaji haka.

Wassalam.