Kiɗan Sana'a: Darasi Daga Tsibirin Tirinidad

A tsibirin Tirinidad da ke yankin Karebiyan, Turawan Ingila sun hana jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka kaɗa ganga a shekarun 1880. Mutanen ba su haƙura ba. Da farko sun koma buga gora, daga baya, wajen shekarun 1930 zuwa 1940, suka riƙa ƙera abin kiɗa daga duron man fetur. A 1992 gwamnatinsu ta ayyana wannan gangar ƙarfe a matsayin abin kiɗan ƙasa. Wasu masana ma na ganin cewa kalmar "kaiso", tsohon sunan waƙarsu ta Kalifso, daga "kaico" ta Hausa ta samo asali, wasu kuwa suna danganta ta da harshen Ibibiyo.

Mu Hausawa ba wanda ya hana mu kiɗa, amma namu yana salwanta. Tushen kiɗan Bahaushe shi ne sana'a da sarauta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki kuwa na sarakuna. Saboda haka idan sana'a ta sauya, kiɗanta yakan bi ta.

Unguwar Maƙera da ke kudancin Kaduna misali ce. Sunanta kansa wurin ƙira yake nufi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta jawo ma'aikata daga sassa daban-daban, kowa da al'adarsa. Yau yara nawa ne a makarantun unguwar za su iya bambance dundufa da kalangu?

A ganina, ba daidai ba ne malamin Hausa ya taƙaita darasin waƙar baka ga haddace sunayen Narambaɗa da Shata da Ɗanƙwairo. Wasu za su ce lokacin darasi bai isa ba, ko iyaye ba sa son harkar kiɗa. Amma manufar ita ce nazari, ba roƙo ba. Ya kamata ɗalibi mai koyon malanta ya nemi tsofaffin makaɗan unguwarsa, ya naɗi bayaninsu, ya rubuta sunayen kayan kiɗa da taken kowace sana'a, ya kai wa 'yan ajinsa. Duk makaɗin da ya rasu ba a yi haka ba, ya tafi da kalmomin da ba lallai a same su a ƙamus ba.