Martani: Takardar WAEC Ba Ta Hana Buga Ƙwallo

Wani marubucin wasanni ya yi iƙirarin cewa aji ɓata lokaci ne ga yaron da ke da ƙafa, gara iyayen Kakuri da Barnawa a Kaduna su miƙa shi ga dillalin 'yan wasa tun yana ɗan shekara 15. Wannan shawara ce ta wanda ba ɗansa za a tura ba.

Dokar FIFA ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. A 2021 hukumar ta hukunta ƙungiyar Spezia ta Italiya kan shigo da yaran Najeriya ta bayan fage. A jami'o'in Amurka kuwa, a babban rukunin hukumar wasanninsu ta NCAA, sai ɗalibi ya kammala darussa 16 na sakandare da maki mai kyau kafin a sa shi a fili. Ta ƙofar Jami'ar Houston tauraron ƙwallon kwando ɗan Najeriya Hakeem Olajuwon ya shiga Amurka a 1980.

Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, talauci ya sa maganar dillali tana shiga kunne, wannan gaskiya ne. Amma in gwiwa ta goce, dillalin kashe wayarsa zai yi. Iyaye, ku bar yaro ya zana jarrabawarsa tukuna.