Akwatin Saƙon Murya: Biro Na Rufe, Kunne Na Buɗe

Ran Lahadi kasuwar Tawa take ci. Ranar ce mutanen Barmu, Kalfu, Affala da Takanamat suke cika gari, kuma ranar ce kowane biro yake rufe. Makiyayin da ciwo ya faɗa ma garkenshi, ko shugaban ƙungiyar manoma da ya ga fara ta sauka cikin hatsi, in ya biyo motar kasuwa don ya sanar da ma'aikata, sai ya tarar da ƙofa da kwaɗo. In ya buga talho ranar aiki, wata sa'a mai biron ya fita rangadi, babu mai ɗauka. Kuɗin mota sun tafi, labari bai isa ba. Fara kuwa ba ta jiran Litinin.

Don irin wanga hali aka ƙera akwatin saƙon murya. Na'ura ce da ake haɗawa da talhon biro. In talho ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai ita ta amsa, ta ɗauki maganar mai kira, ta aje har mai biro ya komo. Kamfanonin salula ma suna da irinta. Wajen shekarar 1980 ne manyan ma'aikatu na Amurka suka fara aiki da ita.

Ga Adarawa, aika murya ba baƙon abu ba ne. Tun kafin salula ta shigo Nijar a 2001, ƴan cin rani na Abijan da Legas suna cika kaset da gaisuwa da sallahu, su ba mai zuwa gida, iyali su taru bakin rediyo su saurara. Tun 2013 kuma WhatsApp ya buɗe hanyar saƙon murya, ga shi yau tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana gaisawa da ɗanta da ke Libiya. Akwatin biro ɗan'uwan kaset ne. Bambancin kawai, shi sai an gyara mashi zama, in ko ba haka ba ya zama rijiya gaba dubu: a zuba magana, ba a sake jin ɗuriyarta.

Gyara na farko shi ne gaisuwa. Akwati yana zuwa da muryar da kamfani ya sa mashi, mafi yawa da Faransanci ko Turancin Ingila. Baƙauye ya ji wata mace tana zuba yaren da bai sani ba, sai ya zaci ya yi ɓatan lamba, ya kashe. Alhali kowane ma'aikaci yana da ikon share wannan murya ya sa tashi. Ya yi sallama, ya faɗi sunan ma'aikatar, ya ce: "Ba na kusa. In ka ji ƙara, faɗi sunanka da garinku da abin da ke tafe da kai." A jihar Tawa ya kamata a faɗe shi da Hausa, a maimaita da Tamajak da Fulatanci, don makiyayan arewa su ne suka fi nisa da biro, su ne kuma suka fi buƙata. Amma a taƙaita. Da zaran akwati ya amsa, kuɗin mai kira sun fara tafiya, doguwar gaisuwa daga aljihun talaka ake biyanta.

Akwai kuma gaisuwar tafiya. Wanda zai yi kwana 10 a Yamai sai ya sa ta, ya faɗi ranar komowarshi da lambar wanda ya bar ma aiki. In ya komo ya cire.

Sai lambar asiri, kuma nan ne aka fi sakaci. Kowane akwati yana da ita, ita ce makullinshi. Sau da yawa kamfani yakan sa mai sauƙi, kamar 0000 ko 1234, da nufin mai shi ya canza. Mutane ba su canzawa. To, ana iya buɗe akwati daga wani talho can nesa, duk wanda ya san lambar zai ji abin da ke ciki. A Ingila, wasu ƴan jarida sun riƙa sauraren saƙonnin mutane a ɓoye, lambobin da ba a canza ba suna cikin abin da ya sauƙaƙa masu. Da asiri ya tonu, jaridar News of the World ta rufe a watan Yuli na 2011, bayan shekara 168 tana fitowa. A nan gida, abin da ke cikin akwatin biro ba wasa ba ne: rikicin gona, maganar gado, ciwon da mai shi ba ya son a ji. Kada a sa shekarar haihuwa, kada a rubuta lambar a manna jikin talho. In ma'aikaci ya canza wurin aiki, wanda ya gaje shi ya sake sabuwa tun ranar farko.

Sauran aikin na yatsa ne. Talhon biro da yawa suna da ƴar fitila mai kamawa in saƙo ya shigo. Akwai lambar da ake dannawa a saurara, wata a maimaita, wata a aje, wata a share, wata a tura ma abokin aiki. Lambobin sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura, muryar ciki ce ke faɗin su. Akwati yana cika kamar rumbu, in ya cika ba ya karɓar sabo. Biron da ba ya saurare safe da marece gara ma ya kashe shi, don mutum ya san bai faɗa ma kowa ba, ya nemi wata hanya.

Mai kira ma yana da nashi. Wanda ya buga ya kashe don a kira shi, kamar yadda aka saba a salula, bai bar komi cikin akwati ba. Ya jira ƙarar, sannan ya yi magana. Ya rage gaisuwar gida da ta gajiya. Ya faɗi suna, da gari, da gunduma, don ƙauyuka masu suna ɗaya suna da yawa. Ya faɗi abin da ya faru da ranar da ya fara, da yawan bisashen da suka kamu ko gonakin da aka ci. Lambar salular Nijar ƙwaya 8 ce: ya karanta tashi sannu sannu, bibbiyu, har sau 2. Wanda bai riƙe ta da ka ba, ya sa ɗalibin yaƙi da jahilci ya rubuta mashi ita a takarda kafin ya hau tudun da ake samun rezo.