Gidan Gaggafa Da Jariri

A birnin Oksfod na ƙasar Ingila, a bakin wani faffaɗan titi da ake kira St Giles, akwai wani tsohon gida matsattse, a bisa ƙofarsa an rataye allo mai hoton gaggafa ɗauke da jariri. Mashaya ce. Sunanta Eagle and Child, watau Gaggafa da Jariri, waɗansu kuwa na cewa an samo shi daga tambarin gidan sarautar Derby, inda ake ba da tatsuniyar wani jinjiri da aka tsinta a sheƙar gaggafa. Tun shekarar 1684 aka ga sunan nan a rubuce.

Mun san wani zai ce, me ya kai mu gidan giya? To, ba yabon kwalba muka zo yi ba, gama kowa ya san gidan da burukutu ya rusa a unguwarsu. Amma a ƙasar sanyi ba a zaman gindin bishiya. Mashayar unguwa ita ce dandalinsu, can ake jin ɗumin wuta, a ci abinci, a ji labarin gari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne masu gidan, da yadda suka yi da shi.

Tun ƙarni na 17 gidan mallakar wata kwaleji ce ta Jami'ar Oksfod, ana kiranta University College. Malaman kwalejin ba su tsayawa sayar da kome a ciki. Nasu karɓar kuɗin haya. Mai haya shi ke share daɓe, ya hura wuta, ya san kowane baƙo da sunansa, shi kuma mutanen unguwa suke ɗauka mai gida, ko da yake ko tubali ɗaya ba nasa ba ne.

Ɗaya daga cikin masu riƙon gidan, Charles Blagrove, yana da wani ɗan ɗaki a baya wanda daga bisani aka san shi da Ɗakin Zomo. Nan ya bar waɗansu malaman jami'a suna zama kowace Talata kafin abincin rana. Sun kira kansu Inklings. A cikinsu akwai C.S. Lewis da wansa Warren, da J.R.R. Tolkien, da Charles Williams wanda yaƙi ya kawo shi Oksfod daga Landan a 1939. Lewis ɗin nan ya daɗe yana musun akwai Allah, sai a 1931 ya ba da gaskiya ga Almasihu, bayan wata doguwar hira da ya yi da Tolkien da wani abokinsu har tsakar dare. A lokacin yaƙi shi ne ya riƙa bayyana bangaskiyar Kirista a rediyon BBC, jawaban da aka tara suka zama littafin Mere Christianity a 1952.

Karatun littattafan da suke rubutawa, a ɗakin Lewis na kwaleji suke yinsa ran Alhamis da dare. A mashaya kuwa hira ce da gardama da dariya. Duk da haka a wannan ɗan ɗakin ne, a watan Yuni na 1950, Lewis ya rarraba wa abokansa shafuffukan gwaji na littafinsa na fari a kan ƙasar Narnia, wanda yara ke karantawa har yau cikin harsuna da yawa. Ɗakin bai da wani ado. Amfaninsa ɗaya ne, yana da ƙofa, in an rufe ta mutum ya faɗi abin da ke ransa.

A 1962 aka tashi gyaran gida don a ƙara wurin zama. Aka faɗaɗa shi ta baya, Ɗakin Zomo ya zama hanyar wucewa. Ba wanda ya kori kowa. Sai dai dattawan nan da suka shekara fiye da 20 suna zama a wurin suka ga ba sauran sirri, suka tsallaka titi ba da son ransu ba, suka koma wata mashaya mai suna Lamb and Flag. Zaman bai daɗe ba, gama Lewis ya rasu ran 22 ga Nuwamba 1963. Abin mamaki, bayan sun tafi ne aka rataye hotunansu a bango, baƙi daga Amurka da ko'ina suka yi ta zuwa kallon ɗakin da aka riga aka ɓata.

A watan Disamba 2003 kwalejin ta sa gidan a kasuwa a kan fam miliyan 1.2, bayan ta riƙe shi shekaru sama da 300. Maƙwabciyarta, St John's College, ta saya. A watan Maris 2020 annobar korona ta sa aka rufe ƙofa, da aka buɗe sauran wurare kuwa ita ba a buɗe ba. Shekara 3 gida yana kulle, sa'an nan a 2023 wata cibiyar bincike ta attajirin nan na Amurka, Larry Ellison, ta saye shi, ta yi alkawarin gyarawa ta sake buɗewa. A duk cinikin nan, mu dai a ganinmu, masu zama a ciki su ne na ƙarshe da ake tunawa.

Ita Lamb and Flag, ma'anar sunanta Ɗan Rago da Tuta, alamar Yohanna Mai Baftisma, St John's ce ke da ita, a da har ana biyan kuɗin karatun waɗansu ɗalibai daga ribarta. Ita ma an rufe ta a watan Janairu 2021. Amma mutanen gari ba su tsaya jiran attajiri ba. Suka haɗa kuɗi, suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Inklings, suka karɓi hayar gidan daga hannun kwaleji. A watan Oktoba 2022 suka buɗe ƙofa.