Ba Larry Nassar kaɗai ba ne

Duk sanda aka tado maganar Larry Nassar sai a yi caa a kansa, Allah wadai, Allah tsine, a wuce. Ya cancanci tsinuwar kam. Amma jama'a, mutum ɗaya ba ya shafe kusan shekara 20 yana ɓarna sai da masu riƙe masa ƙofa.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon likitan tawagar 'yan matan Amurka ne ta jimnastik, wasan nan na alkafura da tsalle-tsalle, kuma tsohon likita a jami'ar jihar Michigan. Da sunan magani yake lalata da yara, wani lokacin ma uwar tana zaune a ɗakin, ya kare ta da jikinsa. A Janairun 2018 mata sama da 150 suka tsaya gaban kotu ɗaya bayan ɗaya suka faɗi abin da ya yi musu, alƙaliya Rosemarie Aquilina ta ɗaure shi shekara 40 zuwa 175.

Kada wani ya ce min yaran ne suka yi shiru. Sun faɗa! Tun 1997 Larissa Boyce, tana 'yar shekara 16, ta gaya wa kociyarsu, aka nuna mata ita ce ba ta fahimci aikin likita ba. A 2014 wata ta kai ƙara jami'ar, aka yi bincike aka wanke shi. A 2015 ƙorafin Maggie Nichols ya isa hukumar jimnastik ta ƙasar, sai da suka yi mako biyar kafin su sanar da FBI. Ita kuma FBI ta danne maganar sama da shekara guda, kuma binciken ma'aikatar shari'arsu ya nuna a tsakanin nan ya ƙara taɓa yara kusan 70. Sai da jaridar Indianapolis Star ta tono a 2016, Rachael Denhollander ta fito da sunanta da fuskarta, sannan asiri ya tonu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka gyara masa fili. A lokacin, sansanin horon tawagar yana can cikin dajin Texas, a gonar Bela da Martha Karolyi, ba a barin iyaye su shiga. Ana sa ido kan abin da yarinya za ta ci, in ta ce ciwo take ji a ce raki ne. A irin wannan wuri sai ga likita mai fara'a yana ɓoyo musu alewa yana lallashi. Wa za su amince wa in ba shi ba? Yarinyar da aka koya wa haɗiye ciwon ƙashi don lambar zinare, ai an gama koya mata haɗiye komai. Ku tuna Kerri Strug a Atlanta a 1996, da ta yi tsalle da ƙafa a gurɗe duniya na ta tafi. Da Simone Biles ta janye a Tokyo a 2021 don lafiyarta kuwa, har raguwa aka kira ta, alhali ita ma tana cikin waɗanda Nassar ya cuta.

Na san yanzu wani zai shigo ya ce ai shigarsu ce ta ja musu, ko kuma abin Turawa ne. Malam, yarinya a ɗakin likita wace shiga ta yi? Kuma a Mali, nan kusa da mu, a 2021 aka kama kocin tawagar ƙwallon kwando ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 bisa zargin irin wannan, bayan rahoton Human Rights Watch. Mai ɗora wa yarinya laifi aikin kociyar 1997 yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuɗi kam an biya. Jami'ar jihar Michigan dala miliyan 500, hukumar jimnastik da kwamitin Olamfik miliyan 380, gwamnati kusan miliyan 139 saboda sakacin FBI. Amma jami'an FBI ɗin da suka zauna a kan ƙarar, ma'aikatar shari'a ta ce ba za ta gurfanar da ko ɗaya ba.