K'naan da yaran da suka haye Komadugu

A watan Nuwamba na 2014, da Boko Haram ta faɗa wa Damasak, jama'a sun yi ta haye kogin Komadugu zuwa gefenmu na Diffa, wasu a kwale-kwale, wasu da iyo. Yaran da aka ɗauko a kafaɗa ranar yanzu samari ne. Su nake tunawa duk lokacin da na ji muryar K'naan.

An haifi K'naan, wato Keinan Abdi Warsame, a Mogadishu a 1978. Mahaifinsa yana tuƙa tasi a birnin New York, yana aiko masa da faya-fayen rap. Yaron ya haddace su tas, alhali ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba. Da yaƙi ya ci Somaliya a 1991 suka gudu, daga bisani suka zauna a unguwar Rexdale ta Toronto, ƙasar Kanada. Duniya ta fi saninsa da Wavin' Flag, waƙar da kamfanin Coca-Cola ya ɗauka lokacin gasar kofin duniya ta 2010. Ni kam ba ita ce ta tsaya mini a rai ba.

A 1999 aka ba shi dama ya yi waƙa a gaban hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗan gudun hijira a gaban masu ciyar da irinsa, ai godiya ake jira. Shi kuwa sai ya caccaki Majalisar kan yadda ta kasa a Somaliya. Mawaƙi Youssou N'Dour na wurin. Abin ya burge shi har ya jawo shi cikin faifan Building Bridges.

To, a nan Diffa fa? In an kira matasa filin taro, waƙar zaman lafiya da wanke hannu ake so su rera, a tafa, a watse. Ba laifi ba ne, amma wa zai rera dokar ta-ɓaci ta 2015, wadda ta hana hawan babur, ta durƙusar da 'yan kabu-kabu, ta tsayar da cinikin kifi da tattasan da kwarin nan ke taƙama da shi? Wa zai rera bukkokin da suka jeru a bakin kwalta, ko zaman jira a sansanin Sayam Forage?

Yaran Damasak da Bosso sun ga wannan da idonsu, kuma suna da Barbarci da Hausa, ba sai sun ari Turancin kowa ba. Gidajen rediyon garin nan su ba su rabin awa a mako, kada kuma a duba musu baiti kafin su hau.